Mutum-mutumi zai iya sake dasa murjanin teku kuwa?

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum. Aikin kammala karatuna a kan ƙananan na'urori masu nutso ne, kuma hankalina ya tafi kan murjani. Mai nutso da tukunyar iska a baya, guntayen murjani nawa zai liƙa a jikin dutse kafin iskar ta ƙare? Ga shi Great Barrier Reef, babban jerin tsaunukan murjani na tekun Ostireliya, kaɗai ya kai kilomita 2,300. Abin da nake hange shi ne ayarin mutum-mutumi a ƙarƙashin ruwa, wannan na kankare gansakuka, wancan na dasawa, wani na bin su da kyamara. Mafarki nake, ko akwai hanya?

Malam Na-Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ai an riga an fara. A 2018 jami'ar QUT da ke Brisbane ta fito da RangerBot, mai gane tauraron tekun nan mai ƙaya da ke cinye murjani, ya tsira masa allura ya mutu. A shekarar dai aka gwada wata na'urar, LarvalBot, kusa da garin Cairns na Ostireliya. Shi murjani dabba ne, ba tsiro ba, kuma a can sau ɗaya a shekara yake sakin ƙwai, 'yan kwanaki bayan wata ya cika, wajejen Nuwamba. Sai a kwashi ƙwan a rena a cikin raga, na'urar ta bi inda ya mutu tana yayyafa 'ya'yan. Kaɗan ne ke kai labari, amma ko a teku haka abin yake.

Hajiya Mai Lissafi:
Ɗana, ba zan kashe maka gwiwa ba, amma ka fara tambayar me ya kashe na farkon. Idan zafin ruwa ya haura na bazara da digiri 1 kacal, ya yi makonni a haka, murjani sai ya kori ƙananan halittun da ke ba shi abinci da launi, ya koma fari fat. Wannan Great Barrier Reef ɗin ya sha haka a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. A Florida ta Amurka kuwa, a 2023 dole ta sa aka riƙa kwashe murjanin reno daga teku zuwa tankuna a tudu don kada ya dahu. Rahoton IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, na 2018 ya ce in duniya ta ɗumama da digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjani, a digiri 2 kuwa fiye da 99. Dasa shi a ruwa mai zafi shuka ce a idon makwarwa, ko wa ya yi dashen.

Makanike:
Ni ta fannin ƙarfe zan zo. GPS ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa, saƙon rediyo ma ba ya nisa, sai da sauti za su yi magana da juna, shi kuma jan ƙafa gare shi. Ga gishiri na cin ƙarfe, ga batir. Kafin ka yi ayari, ɗan'uwa, sa guda ɗaya ta tsaya cak cikin igiyar ruwa ta liƙa gunto ba tare da ta karya shi ba.

Ɗalibin Injiniya:
Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki ta zauna, zan karkata ga dasa nau'in da ya tsira daga zafin baya. Makanike, hannun kamawar na roba mai laushi ya fi, ko mai tsotsa da iska?