Musayar waƙa a kan Muhammad Ali, daga Rum zuwa Atlanta

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Tambayata ita ce, wace nasara ce ta fi girma a rayuwar damben Muhammad Ali? Amsa-amonmu shi ne "wa".

A birnin Rum a 1960 ya fito fili,
Yana ɗan shekara 18 ya shiga karawa.
Cassius Clay ake kiransa a sannan,
A ajin kilo 81 yake fafatawa.
Ɗan ƙasar Poland ya tare shi a wasan ƙarshe,
A turmi na uku jini yake zubarwa.
Zinaren Olamfik da ya rataya a wuyansa,
A wurina shi ne tsanin da ya fara hawa.

Tsohon Ɗan Dambe:
Malam, baitocinka sun yi daɗi, amma ban bi ka ba.

Zinaren nan ba shi kaɗai ya ci ba,
Frazier ya ci a Tokyo, ka yi tunawa.
Foreman ma ya ɗauko nasa a Meziko,
Da zinare ne ma'auni, da babu bambantawa.
Damben Olamfik turmi uku ne kacal,
Na kambu a lokacin turmi 15 ne, sai mai jurewa.
A Miami a 1964 Ali ya gamu da Liston mai riƙe da kambu,
Wanda ƙarti ke jin sunansa suna kaucewa.
Da aka kaɗa ƙararrawar turmi na 7,
Liston na kan kujera, ya ƙi tasowa.
Amma ni Kinshasa ce ta tsaya mini a rai,
A 1974, da asuba, gari bai kai ga wayewa.
Ya jingina da igiya, ya rufe fuska da hannu,
Ya bar wa Foreman haƙarƙari yana ta jibgawa.
Na kalli faifan nan ya fi a ƙirga,
Har yau gabana bai daina faɗuwa.
Jama'a na kiran ya kashe shi da yarensu,
Mu ma a dambenmu kisa muke ce wa kayarwa.
A turmi na 8 hannun Foreman ya mutu,
Hannun daman Ali ya sauka a muƙamuƙinsa, ya kife, ana sowa.

Hajiya Mai Ɗinki:
Baba, a gafarce ni, ku duka biyun kun tsallake shekarun da bai sa safar dambe ba, alhali su ne amsar tambayar.

A 1967 aka kira shi aikin soja,
Lokacin da yaƙin Biyetnam ke ta ruruwa.
Ya ce addininsa bai yarje masa ba,
Aka kira sunansa a Houston, ya ƙi matsowa.
Babu wanda ya buge shi a cikin fage,
A ofis aka zauna aka yi wa kambunsa ƙwacewa.
Shekara uku da rabi yana kan ganiyarsa,
Ba kambu, ba lasisi, kuɗi na ta ƙarewa.
Sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka
Ta soke hukuncin ƙin shiga soja da aka yi masa yankewa.

Ɗalibin Jami'a:
Iyayena, ku yi mini afuwa, yabo ya yi yawa, ni kuwa ina da ƙorafi.

Bayan Manila a 1975 ya kamata ya aje,
Turmi 14 da Frazier, kusa da mutuwa.
Spinks ya karɓe kambu a farkon 1978,
Ali ya ƙwato shi, ya riƙe karo na uku, sai ya ƙi hutawa.
A 1980 Holmes, tsohon abokin atisayensa,
Ya yi ta dukansa, har mai horarwa ya ce a yi tsayawa.

Malamin Firamare:
Ɗana, ƙorafinka yana kan hanya, Hajiya kuma ta kusa raba ni da ra'ayina, sai dai ina da sauran baiti biyu.

A Atlanta a 1996 aka miƙa masa wutar Olamfik,
Hannun hagu na karkarwa, na dama na kunnawa.
A can aka ba shi madadin zinaren Rum da ya ɓace,
Ya kai shi bakinsa yana sumbatawa.