Wiskin da aka zuba a ganga sau biyu, da me ake cin sa?

Ɗan Kaltungo:
Jama'a barkanmu da yamma. Don Allah ina neman shawara wajen waɗanda suka san harkar. Yayana da ke aiki a Amurka ya zo hutun Kirsimeti ya kawo wa Baba kwalba ɗaya ta Woodford Reserve Double Oaked, Baba kuma likita ya hana shi sha saboda hawan jini, shi ne ya ce in ɗauka mu buɗe da abokai ranar bikin ƙanwata. To ni giyar kwalba na saba da ita, sai ɗan burkutu in an je ƙauye. Wai me ake nufi da an sa shi a ganga sau biyu? Sannan me za mu ci da shi, don wani abokina cewa yake a zuba Coke da ƙanƙara a kawo tsire mai yaji shi ke nan, ni kuma raina bai kwanta ba, kwalba ɗaya ce tal fa.

Kawu Tula:
Ɗana kar ka yarda a zuba masa Coke, don Allah. In Coke za a sha akwai masu arha da aka yi don haka.

Wannan irin wiskin sunansa burbon, kuma ba a kiran abu burbon sai a Amurka aka yi shi, majalisarsu ta tabbatar da haka tun 1964. Dole aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin ya zama masara, kuma dole a ajiye shi cikin sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta da wuta. Na hannunka a jihar Kentaki ake yin sa, masara kashi 72, hatsin rai (wato rye, wani ɗan'uwan alkama) 18, sha'ir 10. Lokacin da ya fito daga tukunyar tacewa fari ne tas, duk wannan jan launi da ƙamshin vanila da na ƙonannen sukari daga jikin katakon yake tsotso su, kamar yadda ruwa ke ɗaukar ɗanɗanon sabuwar randa. To bayan ya gama shekarunsa a gangar farko sai su juye shi cikin wata sabuwa fil, ita wannan an gasa cikinta a hankali na dogon lokaci amma ba a babbake ta sosai ba, ya ƙara zama wasu watanni. Gashin nan ne ke narkar da zaƙin da ke cikin itacen, shi ya sa za ka ga ya fi na kullum duhu da zaƙi, har da ɗan ɗacin cakulan can baya. A 2012 suka fara fitar da shi.

Ƙarfinsa kashi 45.2 ne, duba jikin kwalbar za ka gani, wato ya ninka giyar da ka saba kusan sau tara. Ɗan kaɗan za ka zuba a gindin tambulan, ka bar shi ya huta minti biyar, ka shinshina bakinka a ɗan buɗe, kurɓar farko zafi kawai za ka ji, ta biyu ce ke kawo daɗin. In ya yi maka ƙarfi ɗiga ruwa kaɗan.

Anti Yelwa:
Sannu Kawu, ka gama magana. Ni zancen abincin zan yi, ƙanena. Yaji shi ne matsalar, barkono da barasa mai ƙarfi in suka haɗu a harshe wuta biyu ce, ba za ka ji komai ba sai raɗaɗi, don haka farfesu da kilishin da aka cika wa yaji ku bar su sai an koma kan giya. Abin da yake so shi ne maiƙo da hayaƙi da ɗan gishiri. Soyayyar gyaɗa mai gishiri ka sa a faranti, ka samo dabino busasshe ba mai laushin nan da ke ɗigar zuma ba, wallahi dabino da gyaɗa tare sannan ka kurɓa, za ka kira ni ka yi godiya. Dambun nama ma yana tafiya. Alkaki kam na gwada, zaƙin ya yi yawa sai wiskin ya koma ɗaci a baki. Kuma ku ci tuwo ko shinkafa tukuna kafin a buɗe, wanda zai tuƙa mota ya koma Gombe da dare a ba shi zoɓo.

Mai Nama Jekadafari:
Ni dai ba na sha, addinina ya hana, amma nama sana'ata ce tun ina yaro. Tunda Anti ta ce maiƙo da hayaƙi, to balangu za ka saya ba tsire ba. Ka ce a ba ka haƙarƙarin rago wanda ya daɗe a gefen wuta kitsen ya narke ya yi ja, a yanka a barbaɗa gishiri da garin ƙuli kaɗan, yajin a ƙulle maka shi daban a takarda, albasa ma daban. Kar ka bari a naɗe shi a leda da zafinsa, gumi yake yi ya lalace.

Ɗan Kaltungo:
Na gode ƙwarai iyayena. Amma Kawu ƙanƙarar fa? Ka san zafin garin nan ko a Disamba da rana.

Kawu Tula:
Anan ba zan matsa maka ba. Ƙanƙara tana kwantar da ƙamshin, shi ya sa nake cewa zagayen farko kowa ya ɗanɗana haka nan, bayan nan mai so ya sa babba guda ɗaya, ƙananan nan narkewa suke nan da nan su tsinke shi. Kafin ranar ka ajiye kwalbar a tsaye cikin kabad inda rana ba ta kaiwa, kuma da yamma za ku buɗe lokacin da sanyin hunturu ya fara sauka. Ku nawa ne ma? In kun wuce goma sha biyar to kowa ɗan kurɓi zai samu.