Na ga wani jan ƙwaro a jikin ƙudan zumana, sarauniya ma ban gan ta ba, in sa magani ne?

Ɗan Toro:
Salamu alaikum ƴan'uwa masu kiwon zuma. Don Allah shawara nake nema. Ina da akwatuna irin na Kenya masu sanduna a sama, a bayan gonarmu nan gefen Toro, mun gama yankan ƙarshe tun da furen ɗorawa da kaɗanya suka ƙare, yanzu ga hadari ya fara haɗuwa. Da na buɗe guda ɗaya da yamma sai na ga wani ɗan ƙaramin abu ja-ja manne a bayan wasu ƙudan, kuma na ɗaga saƙa duka ban ga sarauniya ba, ƙwai ma ban gani ba sai ƴaƴa da aka riga aka rufe. A YouTube turawa sai cewa suke da an gama kwasar zuma dole a sa maganin baroa, wata ƴar kaska da ke kama ƙudan zuma, in ba haka ba gidan ba zai kai baɗi ba. Wani makwabcina ya ce ai amitraz ɗin da suke faɗa shi ne ke cikin maganin kaskar shanu, in jiƙa kwali in jefa ciki kawai. Ya kuka gani?

Malamin Gona Gombe:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, maganar kwalin nan ka ajiye ta gefe. Gaskiya ne akwai amitraz a wasu magungunan kaska, amma wanda ake sa wa zuma, kamar Apivar, a jikin wata leda aka sarrafa shi yadda zai riƙa fita kaɗan-kaɗan har sati 6 zuwa 8, na shanu kuwa mai ƙarfi ne an haɗa shi don fatar sa, ba ka da yadda za ka auna, ko dai ka kashe ƙudan ko su gudu ko ya shiga kaki ya zauna, kuma zumar nan mutane za ka sayar wa su ba yaransu.

Sannan ma ka tabbatar baroa ce? Don akwai wani da ake kira biraula, kwarkwatar zuma, shi ma ja ne, girmansu kusan ɗaya, kuma ya fi son hawa kan sarauniya. Ka kama ƙuda ɗaya ka ɗauki hoto da waya ka ja shi ya girma. Biraula ƙafa 6 gare shi, a fili kake ganinsu sun baje, yana da ɗan tudu kuma da gudu yake yawo. Baroa ƙafa 8 ce amma a ɓoye ƙarƙashin jiki, a shimfiɗe take kamar ƙwayar riɗi da aka kwantar a gicciye, faɗinta ya fi tsawonta. Biraula abinci kawai yake sata a bakin ƙuda, ba abin tayar da hankali ba ne. Baroa kuwa jikin ƙudan take ci, tana hayayyafa cikin ramin ƴaƴa bayan an rufe shi, tana kuma yaɗa cutar da ke sa ƙuda ya fito da fiffike a murɗe.

In ma baroa ce, ganinta ba shi ne dalilin magani ba, ƙirga ake yi. Ka nemi sukari gari irin na masu kek, kwalba mai faɗin baki, ka yi mata murfi da raga wadda ƙuda ba zai wuce ba. Ka kaɗo ƙudan da ke kan saƙar ƴaƴa kamar rabin kofi, wajen guda 300 ke nan, ka zuba sukari cokali 2, ka juya su a hankali na minti ɗaya, ka ajiye a inuwa kaɗan, sai ka kife ka girgiza a kan farin faranti. Ka yayyafa ruwa sukarin ya narke za ka ga baroar da suka faɗo. Ƙudan ba sa mutuwa, mayar da su za ka yi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a waje shi ne baroa 3 a kan ƙuda 100, wato in ka samu sama da 9 a wannan kwalbar. Ka yi shi kafin ruwa ya zauna don da iska ta yi laima sukarin dunƙulewa yake.

Baba Mai Amya, Ningi:
Yaro, ni ban san baroa ba, jikana ne ma yake rubuta min wannan. Mu amya muke ɗaurawa a kan itace tun iyayenmu, ba a buɗe ta sai ranar yanka. Abin da na sani yana cinye zuma a wannan lokaci yunwa ce da tsutsar saƙa da kwarkwasa, sai dage in kana kusa da daji. Ku yaran yanzu kuna yanke saƙa kaf ba ku bar musu na ci ba, ruwa ya sauko ya wanke fure, su tashi, ku ce cuta ce. Me ka bar musu?

Ɗan Toro:
Allah ya ƙara girma Baba. Na bar saƙa biyu masu zuma a kowane akwati, amma wannan ɗin da na duba sun kusa shanyewa. Malam na gode, zan nemo sukarin in na shiga kasuwar Wunti. To maganar sarauniyar fa?

Maman Zuma Dass:
Ƙanena kada rashin ganin sarauniya ya ɗaga maka hankali, irin ƙudanmu da sun ji hayaƙi gudu suke ta yi a kan saƙa, ita kuma ta sauka ta lafe a lungu, masu shekaru a harkar nan ma ba kullum suke ganinta ba. Ƙwai ake nema. Ƙwai kwana 3 yake kafin ya ƙyanƙyashe, to in ka gan shi ɗaya tak a tsaye a gindin kowane rami ka san tana nan cikin kwanakin nan. Amma da yamma da ƴar tocila ta cikin ragar fuska wallahi da wuya ka gan shi, fari ne siriri, sai ka karkata saƙar haske ya shiga ramin.

In da gaske babu ƙwai, abu biyu ne. Ko ta mutu, ko kuma shirin ƙaura suke, wanda ni shi na fi zato tunda ka ce abinci ya kusa ƙarewa. Haka zumarmu take yi, in ta ga babu sai sarauniya ta daina saka ƙwai, su jira ƴaƴan da ke rufe su fito, su shanye abin da ya rage, wata safiya ka tarar da akwati wayam. Yadda za ka gane, ka ɗauko saƙa ɗaya mai ƙwai da ƙananan tsutsa daga gida mai ƙarfi, ka kaɗe ƙudan kanta ka sa musu. Bayan kwana 3 ka duba, in sun fara gina ɗakin sarauniya, wani dogon rami mai kallon ƙasa, to marayu ne. In ba su gina ba tana nan. In kuma ka ga ƙwai uku huɗu a rami ɗaya wasu a manne a bango, ma'aikata ne suka fara saka ƙwai, maza kawai za su haifa, wannan gidan haɗa shi da wani ya fi.

Ko da sun gina ɗakin ma ka yi lissafi: sarauniya kwana 16 take daga ƙwai zuwa fitowa, sai ta yi ƙwari ta fita barbara, kafin ta fara saka ƙwai an kusa cin wata guda, kuma sai da maza a gari, alhali in abinci ya yi ƙaranci mazan ake fara korowa waje. Ka duba sauran akwatunanka ko akwai su tukun.

Ni dai yau-yau zan ba su ruwan sukari, kofi ɗaya na sukari kofi ɗaya na ruwa, a roba cikin akwatin can baya, ka zuba ƴan karare a kai kada su nutse, kuma da magariba don maƙwabta kada su kawo musu fashi. Ka rage ƙofa. Saƙar da babu ƙuda a kanta ka cire ka narkar, ita tsutsa ke fara kamawa. Ƙafafun teburin ka shafa musu girisi, ciyawar da ta taɓa akwati ka nome ta.

Malamin Gona Gombe:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, masu bidiyon can irin ƙudansu daban, lokacinsu daban. Baroa asalinta a jikin zumar Asiya take, ta tsallako kan ta Turai ta yi mata ɓarna, su kuma suna sa magani a ƙarshen kakarsu ne don ƙudan da za su yi watanni a kulle cikin sanyi su fito lafiyayyu. A Afirka ta Kudu an gan ta a 1997, a Kenya 2009, nan Najeriya ma an tabbatar da ita a kudu maso yamma, amma zumar Afirka ba ta rushe kamar tasu ba. Ƴaƴanta sun fi saurin fitowa daga rami, suna kakkaɓe juna, suna tone ramin da ya kamu, ga yawan rabuwa da ƙaura da ke katse wa baroar haihuwa. Magungunan ma ba duka suka dace da mu ba, irin na fomik asid an ƙayyade kada zafi ya wuce wajen digiri 29, mu kuwa a Afrilu da Mayu ana taɓa 40, sarauniyar za ka fara kashewa. Na okzalik asid kuma ba ya ratsa ramin da aka rufe, kai kuwa rufaffun ƴaƴa ne cike da akwatinka.

Ɗan Toro:
Na duba hoton da na ɗauka ranar, da na ja shi ƙafafun a waje suke ta gefe da gefe, guda shida nake iya ƙirgawa. Duk da haka zan yi gwajin sukarin a duka akwatunan. Yaya, saƙar mai ƙwai ta gwajin sarauniyar in sa ta a tsakiyar ƴaƴan ne ko a gefe?

Maman Zuma Dass:
A tsakiya, manne da rufaffun ƴaƴan inda ƙudan suka fi taruwa. Kuma ka rufa mata zane tsakanin akwati da akwati kada iska ta busar da tsutsar, ka duba sosai kar ka ɗauko sarauniyar wancan gidan a kanta.