Ɗan Maƙerin Aomori da Matansa na Katako

Bazazzagi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya na kwana kallon aikin wani mutumin Japan, Shiko Munakata, wanda aka haifa a 1903 ya rasu a 1975. Katako yake sassaƙawa, ya shafe shi da baƙar tawada, ya danna takarda a kai kamar mai buga hatimi. Hoton furen Van Gogh, shahararren mai zane ɗan Holland, shi ya sa masa sha'awar zane. Amsa-amon yau "na" ne. Bismillah.

Ɗan maƙerin garin Aomori,
Bai gaji guduma ba, bai ƙira,
Ya ga furen Van Gogh a hoto,
Ya ce shi ma sai ya yi suna.

Katako ya ɗauka da wuƙa,
Ya sassaƙe mace mai kumatu,
Ɗigo guda a tsakar goshinta,
Kamar wata daren sha huɗu na gani da idona.

Ɗan Kurmi:
Bazazzagi, ina ka nufa ne?
Tun yaushe ka san hanyar Tokyo?
Ɗangon ƙarshenka ya yi tsawo,
Kamar titin Kano zuwa Kaduna.

Uwar Biyu:
Kai Ɗan Kurmi, ko sallama babu! Ni tambaya gare ni.

Ku dakata, yarana, ku saurara,
Macen da ke da ɗigo a goshi,
Matarsa ce ko ko gunki ce?
Ku warware min, ku huta da ɓarna.

Bazazzagi:
Gwaggo, kin taɓo wajen. Ɗigon nan alama ce da ake yi wa Buddha, jagoran addininsu, da waɗanda Japanawa ke kira bosatsu, wato a aƙidarsu masu tausayin da suka ɗauki alkawarin ceton sauran halitta. Shi kuwa sai ya riƙa ɗora wa matan da yake sassaƙawa. A 1939 ya yi alluna 12, almajiran Buddha 10 da bosatsu 2, Monju da Fugen. Da aka yi wa Tokyo ruwan bama-bamai a 1945 allunan biyun nan suka ƙone. Da ya sake su a 1948, da siffar mata suka dawo.

Wuta ta ci allo biyu a Tokyo,
Goma suka tsira ba ƙuna,
Da ya sake biyun, Gwaggo, ki duba,
Mata suka fito, ba gemuna.

Uwar Biyu:
Allah ya yi maka albarka. Ashe sai da gida ya ƙone aka tuna da mu. Haka kuke ko'ina.

Ɗan Kurmi:
"Gemuna"? Don dai a cika amsa-amo aka jawo gemu da ƙarfin tsiya.

In waƙa ta ƙi, ka bar ta,
Ba a jan akuya da gemu,
Zazzau ku tsaya ga karatu,
Waƙa a Kano take kwana.

Malam Mai Awo:
Ku gafarce ni, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Baiti na biyu na Bazazzagi: ɗango uku na farko gaɓa 9, 10, 10. Na huɗu gaɓa 16. Wannan ya wuce gurgunta, karaya ce. Kuma a baitin gobara an sa "ƙuna" a ɗango na biyu, amsa-amon waje ya shigo ciki.

Bazazzagi:
Malam, in ka rera shi da sauri yana zama.

Malam Mai Awo:
Da sauri ko jaki ya tsallake rijiya. Kari ba gudu ba ne.

'Yar Birni:
Ɗan Kurmi ka gama da shi wallahi! Kano ko da me ka zo an fi ka.

Sarkin Samarin Tudun Wada:
Wace gamawa? Mutum ya kawo ilimi da shekaru, naku ya kawo akuya. Bazazzagi ci gaba, muna bayanka.

Bazazzagi:
To bari in koma kan Bakano. A tsohuwar sana'ar nan ta Japan hoto ɗaya hannu huɗu yake bi: mai zane, mai sassaƙa, mai bugawa, sai attajirin da ya zuba jari ya sayar. Su Munakata suka ce a'a, mutum ya zana da kansa, ya sassaƙa, ya buga.

Mutum huɗu ne a zamanin da,
Mai zane, mai wuƙa, mai dannawa,
Na huɗun dillali mai ƙirga riba,
Shi kaɗai Bakano zai iya zama, na rantse da rawanina.

Malam Mai Awo:
Inna lillahi. Ya sake.

Ɗan Kurmi:
Dillali shi ke ci da gari,
Ba don shi ba wa zai san ka?
Hoton da ba a kai shi kasuwa ba,
Gara ce za ta ci, ɗan'uwana.

Kuma na ji an ce gwanin naka ko gabansa ba ya gani sosai.

Bazazzagi:
Gaskiya ne, kuma nan abin mamakin yake. Tun yana yaro idonsa ba ƙarfi, a 1960 na hagu ya daina gani. In yana aiki sai ya kifa fuska har hancinsa ya kusa taɓa katakon, wuƙa na gudu, ɓarɓashi na tashi. Launi kuma ta bayan takarda yake shafawa, ya rino ta gaba, baƙin layin bai dushe ba. Da wannan idon ya ci kyauta a Sao Paulo ta Brazil a 1955, ya ci babbar kyautar bugun hoto a Venice ta Italiya a 1956.

Ido guda, hanci a kan allo,
Ya kai ƙasarsa gaban duniya,
Kai mai ido huɗu har da gilashi,
Me ka sassaƙa in ban da ƙaryar gwaninta da rana?

Almajirin Zaure:
Ni fa tun ɗazu ina jin allo, allo. Allo namu na karatu ne, kada a haɗa shi da gumaka. A ce katako.

Uwar Biyu:
Ɗana, ba wanda ya ce ka bauta wa kowa. Aƙidarsu tasu ce, hannun mutumin muke kallo. Amma a ce katakon, ba faɗa.

Malam Mai Awo:
In an ce katako gaɓa ta ƙaru, baiti biyu sun sake karyewa. Ni dai na faɗa.

'Yar Birni:
Malam don Allah ka ajiye mudun nan, ba hatsi muke aunawa ba.

Malam Mai Awo:
'Yata, waƙar da ba awo surutu ce da kwalliya. Ki tambayi duk wanda ya karanta arul, ilimin awon waƙa.

Ɗan Kurmi:
Afuwan, waya ta mutu tun shekaranjiya, ba wuta. Ga amsar gilashin.

Gilashina na duba kuɗi ne,
Ba na leƙen matan katako,
In hanci ne sirrin sana'a,
Naka ya isa, fara gobe, maƙwabcina.

Uwar Biyu:
Kun bar matan can kun koma hanci. Bazazzagi, turo min hoton mai kumatun nan, in ga ko ta kai ni.