Shawara nake nema: sa injin Corolla 2005 a tsohuwar Corolla ta 1994

Ɗan Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Corolla ƙirar 1994 mai injin 4A-FE, da ita nake zirga-zirga Gombe zuwa Bauchi kusan duk sati saboda iyali na can. Sau biyu ana sa mata ringi amma har yanzu hayaƙi take, kafin in kai Alkaleri sai na tsaya na ƙara baƙin mai. Bodin lafiya lau, kuma ta marigayi mahaifinmu ce shi ya sa ba na son rabuwa da ita. Wani abokina ya ce in ɗora mata 1ZZ na Corolla 2005, wai ya fi ƙarfi kuma ba ya shan mai sosai. Kuɗin adashi zan ɗauka ƙarshen wata, ba wasu masu yawa ba ne. Don Allah zai zauna?

Bakaniken Jekadafari:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Malam zama kam zai zauna in aka matsa, amma kuɗin injin shi ne ƙarami a cikin aikin. 1ZZ ba dangin 4A ba ne ko kaɗan, salansar naka ta gaba take fita, ta 1ZZ kuma ta baya wajen bodi, kujerun inji ba su dace ba sai mai walda ya ƙera wasu, giyarka ma ba za ta kama jikinsa ba sai ka sayo tasa, in ka sayo giya kuma maganar shaf ta taso. Duk wannan mai sauƙi ne a kan wayarin, don naka distirbuta gare shi, wancan kowane fulogi da kwayil ɗinsa ga VVT-i mai sarrafa lokacin buɗewar bawul, dole sai da birenbos ɗinsa (kwamfutar inji) da wayoyinsa cikakku, in mai makullin tsaro ne har makullin sai ka haɗo in ba haka ba ko tashi ba zai yi ba.
Ni da ƙanena ne kai zan ce ka nemi 7A-FE. Lita 1.8 ne shi ma kamar 1ZZ, gidansu ɗaya da naka, yana zuwa a Carina E da wasu Corolla na shekarun nan. Giyarka za ta kama, kujeru za su zauna, ya ɗan fi naka tsayi kaɗan sai a taɓa salansa. Ka karɓo shi da birenbos ɗinsa.

Abu Hanifa Yelwa:
Wallahi ka ji maganar Oga. Ni na yi irin wannan a tawa, wata 3 tana kwance a gareji, mai wayarin ya yanka wayoyi ya kasa haɗawa daga ƙarshe ya ce a mayar da ita kafireto. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka san abin da shan man kafireto ke nufi, sai da na sayar da ita da asara. Kuma 1ZZ na farko-farkon nan shi ma yana shan baƙin mai, kar ka gudu daga abu ka sake faɗawa cikinsa.

Maman Iman:
Ƙanina abu ɗaya zan ƙara, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin sannan ka je a gyara takardun mota, don lambar tsohon inji ce a ciki, kar ka sha wahala a hanya wajen 'yan sanda ko VIO.

Bakaniken Jekadafari:
Gaskiyar Hajiya. Kuma in kasuwar Ƙofar Ruwa za ka je a Kano sayen injin kar ka tafi kai kaɗai, ɗauki bakanikenka. A buɗe murfin baƙin mai a leƙa ko akwai dasƙararren datti, a ciro fulogi a gani, a juya injin da sifana a ji ko yana da matsi, kuma ku yi magana da mai kayan kan kwana nawa zai ba ka na gwaji. Kafin a ɗora ka canza belin taimin da famfon ruwa tun yana ƙasa, a wanke lagireto, in an cire tamostat a mayar.

Ɗan Tumfure:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na haƙura da 1ZZ ɗin. Oga tsohon injin nawa fa, in bayar a rage min kuɗi ko in ajiye?

Bakaniken Jekadafari:
Cire kik da altaneta da distirbuta ka ajiye a gida za su yi maka rana, sauran ka bayar a rage maka.