Neman shawara: fiƙar 'yata ta maƙale a cikin ƙashi

Mai tambaya, daga Zango:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yata mai shekara 14 ta gama famfara, sai haƙorin nono ɗaya na sama da ya ƙi faɗuwa. Da aka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi, a nan Damagaram, likitan haƙori ya nuna mini fiƙarta kwance cikin ƙashi ta wajen ganɗa, ya ce sai an yi tiyata an buɗe dasashi, sannan a jawo ta da waya. Kakarta ta ce tunda ba ciwo a ƙyale ta. Ina neman shawararku.

Wani ma'aikacin lafiya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Fiƙar sama takan fito ne a shekara 11 zuwa 12, kuma in aka ɗebe haƙorin hankali, ita ce ta fi yawan maƙalewa, musamman ga 'yan mata. Rashin ciwo ba hujja ba ne, domin fiƙar da ke kwance tana iya cinye saiwar haƙorin da ke maƙwabtaka da ita ba tare da yarinya ta ji komai ba. Tiyatar kanta ƙarama ce: a kashe wurin da allura, a ɗaga dasashi, a manna ɗan ƙarfe mai siririyar sarƙa a jikin haƙorin, a ɗaura sarƙar ga wayar da aka sa wa sauran haƙora. Shekarunta sun dace, don in mutum ya manyanta haƙorin kan iya mannewa da ƙashi ya ƙi motsi.

Wata uwa, daga Birni:
'Yar'uwa, ɗana ya bi ta wannan hanya, kuma abin da ya wahalar da mu ba yankan ba ne, zirga-zirgar ce. Kumburin ya sauka cikin mako guda, amma jan haƙorin ya ɗauke mu kusan shekara biyu, muna zuwa Kano kusan kowane wata ana ƙara ɗaure waya. Kafin a taɓa bakinta, ki tabbatar kin san wanda zai sa wayar, ko a Yamai ko a Kano, ki lissafa kuɗin mota da kwanakin da za ta rasa a makaranta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Malam, shin sai an sa wayar kafin a yi tiyatar?

Ma'aikacin lafiya:
Galibi haka ake yi, Hajiya, domin sai an buɗa wa fiƙar gurbi tsakanin haƙora tukuna.