Neman shawara: Na bar shagon Alhajinmu a Kwari na koma karofi

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ni ne babba a gidanmu, mu goma sha ɗaya. Alhajinmu yana da shago biyu a Kantin Kwari, shadda da atamfa, tun ina firamare nake zuwa ranar Asabar ina ninke kaya. Na karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), na gama a 2019, ina dawowa daga bautar ƙasa aka miƙa min makullin shago ɗaya, ba wanda ya tambayi ra'ayina. Shekara uku ina zaune kullum ƙirjina a cushe. Wata rana na raka wani baƙonmu Buzu daga Agadas marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Na ga an tsoma farin ƙyalle a ruwan baba, ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi. Abin da na haddace a takarda ga shi a gabana. Yau wata bakwai ina koyo, hannuwana sun rine, kuma ban taɓa samun natsuwa irin wannan ba. Amma Alhaji ya daina amsa gaisuwata, Hajiya kullum kuka, maganar aurena ma ta tsaya. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Ƙanena, gobe da asuba ka je ka durƙusa ka karɓi makullinka. Ba a jayayya da mahaifi. Ramukan nan nawa ne ma ke aiki yanzu? Yawanci an bar su sun cike da ƙasa. 'Ya'yan marina na neman hanyar shiga Kwari, kai kana fita?

Maman Ilham: Ni dai ba zan ce ka koma ba. Maigidana shekara goma sha huɗu yana yi wa yayansa zaman shago, bayan ambaliyar 2022 aka ce ya nemi nasa. Ko kuɗin adaidaita ba a sallame shi da su ba, har yau ni ke biyan kuɗin makarantar yara da ɗinki, dangi kuma sun yi shiru.

Ɗan Fagge: Ka riƙe sana'arka malam. Kwarin ma kayan Sin ne suka cika ta, masaƙun Sharaɗa da Bompai sun mutu muna kallo. Aikin hannu ba mai kwaikwayonsa.

Baban Khalifa: Ɗan Fagge, kai za ka ciyar da shi? Kayan Sin ɗin su talaka ke iya saya. Wanda ya rasa albarkar iyaye ko zinare yake rinawa ba zai ga daidai ba.

Mai tambaya: Yaya, ban raina Alhaji ba wallahi. Ƙannena biyu suna shagon, sun fi ni iya ciniki. Kuma ba zama zan yi a bakin rami har abada ba, ina son in riƙa fitar da zanen kaina ina tallatawa a Instagram.

Anti Bilki: Ɗana, ka gaya wa Alhaji kafin ka bari, ko a bakin mutane ya ji? Sannan wa ya tsayar da auren, gidanku ko gidan yarinyar? Ka samu aminin mahaifinka ya shiga tsakani, ka raba kwanakin, uku Kwari uku karofi.

Mai tambaya: Anti, rini ba ya son a raba masa hankali, ruwan baba kullum sai an duba shi an motsa. Zancen auren kuma doguwar magana ce.

Baban Khalifa: Ka gani ko? Duk abin da aka faɗa kana da amsa. Ba shawara kake nema ba, wanda zai tafa maka kake nema.

Maman Ilham: Baban Khalifa, a bar yaro ya numfasa mana. Da haka aka danne nawa mijin.

Mai tambaya: Na gode duka. Juma'a zan sake zuwa gaishe shi, ko zai ɗago ya dube ni.